Karfatar Ɓaunar Tunau

A wani zamani da ba wanda ya riƙe shekararsa, ko da yake duk dattijon da ka tambaya zai ce kakansa na wurin, yunwa ta kori wasu mutane daga kwari zuwa kan wani tsauni da ko awaki sai sun yi shawara kafin su hau. Jagoransu maharbi ne, Tunau, wanda ake yi wa kirari da “Baƙin dafi na Gwamma, ka harba a ɗora tukunya.” An ce yana jin maganar namun daji. In gaskiya ne, ba su gaya masa abin da ya amfane shi ba.

Tsaunin yana tsakanin ƙasar sarkin gabas da ta sarkin yamma, kuma ba wanda ya damu da shi sai da aka hango hayaƙi a kansa. Al'adar farauta a lokacin ita ce, wanda ya kashe babban nama zai kai wa mai ƙasa karfatar dama, wato ƙafar gaba haɗe da kafaɗa. Wanda ka kai wa, ka amince shi ne ubangidanka. Wanda ka hana, ka gayyato shi yaƙi.

Ana tsakiyar rani Tunau ya harbi ɓauna, ita kaɗai da aka gani a shekarar. Kafin a gama fiɗa, jakadun sarakunan biyu sun hawo. Tunau ya duba ya ga karfata biyu, sarakuna biyu, sai ya ɗauka Allah ya raba gardama.

Matarsa Gwamma ta ce, “Maigida, hagu za ka aika wa sarki?”

“Nama nama ne. In ya shiga tukunya wa zai gane?”

“Ai ba don miya yake nema ba.”

Jakadan gabas shi ya riga isowa, ya karɓi dama ya sauka. Na yamma, wani dogo mai suna Barau, ya juya ta hagun da ƙafa.

“Maharbi, dama aka aiko ni karɓa. In na sauka babu ita, mayaƙan da ke gindin dutse za su hawo, su kuwa ba ɓauna suke yanka ba.”

“Ba ni lokaci in harbo wata.”

“Ina ka gan ta? Da inuwar dutsen nan ta taɓa rafi zan tafi.”

Tunau ya dubi mutanensa, waɗanda da ƙyar suke iya ɗaga tulu, balle mashi. Ya kira ƙanensa Mantau ya miƙa masa gatari, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan falalen dutse.

“Yaya, da me za ka ja baka?”

“Kai dai sara. In ka bar ni na yi tunani, fasawa zan yi.”

An ce Gwamma ta riga ta ɗora man kaɗe a wuta don ƙone raunin, wato ta san mijinta. An kuma ce bai yi ko tari ba. Wannan kam masu labari suka faɗa. Barau ya naɗe hannun a fatar ɓauna ya sauka da shi, sarkin yamma ya karɓa, ba a ƙone bukka ko ɗaya ba.

Sai dai tsaunin ya wayi gari babu maharbi. Kafin ruwa ya sauka yunwa ta kwashe da yawa daga waɗanda takobi ya bari, har da Tunau. Ragowar suka koyi noma a tsakanin duwatsu.

Garin na nan, Dutsen Tunau, iyakar ƙasa ta bi ta bayan masallacinsa. Mota a gindi take tsayawa, sauran hanyar da ƙafa ne, ga sanyi mai shiga ƙashi. Da na isa, mai unguwa ya fito ya miƙo mini hannun hagu, kamar yadda kowa ke gaisawa a can. Na tsaya ina kallon hannun. Bai janye ba.

Ya ce, “Karɓi, baƙo. Na daman an kai wa sarki, har yanzu ba a dawo da shi ba.”