Kofin Sarki da Aganar Sibil

An ce wai a can ƙasar Ingila, zamanin da ake tafiya bisa doki ana rubutu da gashin tsuntsu, an yi wani bafade mai suna Jarvis Aldercott. Aikinsa guda ne: ya zuba wa sarki abin sha, ya kurɓa tukuna don gudun guba, sa'an nan ya durƙusa ya miƙa. Kada ka raina wannan aiki, domin gidan da iyalinsa ke ciki a ƙauye, da gonakin da ke ci da su, duk na mai riƙe da kofin ne. Ran da kofi ya bar hannunsa, sai su kwashe kayansu.

Fadar kuwa tana da doka biyu masu tsanani. Bafaden da ya yi tafiya ba da izinin sarki ba ya rasa muƙaminsa. Wanda kuma ya shiga gidan da ake agana ba ya kusantar fada sai bayan kwana arba'in.

Wata rana da hantsi wasiƙa ta zo daga matarsa Tomasin, a kan 'yarsu mai shekara shida. "Maigida, agana ta kama Sibil. Ta ƙi karɓar komai daga hannuna, kai kaɗai take kira. Ban ce ka zo ba, na dai gaya maka."

Jarvis ya je neman izini, aka ce sarki ya tafi farauta, sai bayan kwana huɗu. Gaba kura, baya siyaki. Zuciya ta raya masa ya saci jiki ya je ya dawo, wa zai sani? Ya ce wa zuciyar, "In kawo wa ubangidana agana cikin kofi? Har abada." Ya rubuta wa sarki gaskiyar inda za shi, ya ɗaura sirdi.

Ya tarar da yarinya ƙuraje sun rufe ta, tausayi ya kama shi har ya yi ƙwalla. Da ta kau da kai daga romo, sai ya kurɓa, ya durƙusa gaban gadonta ya miƙa da hannu biyu, kamar yadda yake yi wa sarki. Sibil ta yi murmushi ta sha. Haka ya dinga yi har ta tashi, da tabo a fuska amma da ranta. Ya ƙirga kwana arba'in cif, sa'an nan ya nufi fada.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani bafade, Osbert Fenwold, shi ya riƙe kofin a bayansa, amma ba kofi ne a ransa ba. A al'adar ƙasar ba a renon ɗan sarki a fada, gida ake keɓe masa can nesa a damƙa shi ga amintacce. Wannan muƙami Osbert ke hari, ya ga kuwa ga ranar da zai tallata biyayyarsa.

Da fada ta cika, Osbert ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nuna Jarvis. "Allah ya ja zamaninka, wannan mutum ya fifita 'yarsa a kanka. Ni bara ɗana ya kwanta wata biyu, rai kwakwai mutu kwakwai, ban ɗaga ƙafa daga gabanka ba. Babu abin da zai raba ni da kai."

Sarki ya dubi Jarvis. "Da za a sake, za ka tafi?"

Jarvis bai sunkuyar da kai ba. "Zan tafi, ranka ya daɗe. Masu son riƙe maka kofi sun fi ɗari. Sibil ubanta ɗaya."

Sarki ya ce, "Dokar da aka lanƙwasa don mutum ɗaya ta karye wa kowa. Jarvis, ka rasa kofi, ka rasa gida."

Jarvis ya dafe kai. Ina zai kai Tomasin da yarinyar da ko ƙwari ba ta yi ba?

Sarki ya ci gaba. "Osbert, ka ce babu mai raba mu, ni ma ba zan raba ba. Kofi naka ne, ka tsaya a gefena har tsufa. Amma ɗana nesa da idona zai tashi, ran da zazzaɓi ya kama shi ba na nan. Ba na son mutumin da zai bar yaro a kwance ya zo neman fuskata. Ina son wanda zai saɓa mini saboda shi, ya kuma gaya mini gaskiya. Jarvis, kwashi iyalinka ku koma gidan yarima."

Osbert ya tsaya da kofi a hannu, ga shi dole ya yi godiya. Jarvis kuwa ya faɗi ƙasa yana ta godiya don farin ciki.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, kafin ka ba mutum kiwon ɗan akuyarka, leƙa garkensa ka ga yadda nasa suka kwana.