Faifan da Ya Fi Gudu a Gwaji

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da 'yan uwansa suka laƙaba wa suna Sikeli, saboda tun yana ƙarami ba ya yarda da abu sai ya auna. Ko shayi matarsa ta haɗa masa, sai ya ɗaga kofi ya duba ya ce sukarin jiya ya fi na yau daidai. Mutumin kirki ne, hannunsa kuma yana da kyau a aiki, amma idan ya fara maganar lambobi, to ka nemi kujera ka zauna.

Shagonsa ƙarami ne, a ƙarƙashin wani bene, tsakanin shagon tela da na mai sayar da tabarau. A kan teburinsa akwai fitila mai lanƙwasa wuya, da tulin ƙananan sukuddireba, da wani tsohon kofi da yake zuba kusoshin laftop a ciki. Abin da ya fi alfahari da shi wata manhaja ce ta gwajin gudu. Yana jona faifan ajiya, wato abin nan da ke riƙe duk kayan da ke cikin kwamfuta, ya danna, cikin ɗan lokaci ta fito masa da lambobi masu nuna saurin faifan wajen karatu da rubutu.

Sikeli yana da yaya mace mai ɗaukar bidiyo. Ta daɗe tana ƙananan ayyuka, yau taron ƙungiya, gobe tallan wani shago. Sai a bana wata babbar makaranta ta ba ta aikin haɗa fim na ɗaliban da za a yaye. Ta yi watanni tana bin yaran nan da kamara, a aji da filin wasa da ɗakin gwaje-gwaje. Shugabar makarantar ta gaya mata gaskiya tun farko, cewa akwai kamfanonin da suka nema, amma ta ga dama ta gwada ta. Ranar Asabar da safe za a nuna fim ɗin a gaban iyaye.

Matsalar ita ce laftop ɗin Yaya ta tsufa. Tana buɗe bidiyo sai faifan ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. A farkon makon ta ɗauko ta ta kawo wa ƙanenta.

Sikeli ya ji daɗi, don irin ranar da yake jira ke nan. Ya ciro sababbin faifai guda biyu daga aljihun tebur, ɗaya mai jan tambari, ɗaya mai toka-toka. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya juya mata fuskar kwamfuta.

"Yaya, duba da idonki. Jan nan ya kusa ninka mai tokar. Ai babu ma abin tattaunawa."

Yaya ta kalli lambobin, ba ta gane komai ba. Ta ce, "To, Auta, ni dai bidiyona manya ne. Ka gwada da irin aikina?"

Ya yi dariya har da buga tebur. "Yaya ke nan. Faifai ya san bidiyo ne ko ya san wasiƙa? Gudu gudu ne. Ke dai ki riƙe kamararki, ki bar min wannan ɓangaren."

Tela da ke leƙowa ta ƙofa ya ce, "Hajiya, ki yarda kawai. Ni ma da na yi masa gardama sai da zaren kekena ya ƙare bai gama bayani ba."

Aka yi dariya, Sikeli ya saka jan faifan, ya kwashe mata kayanta a kai. Gaskiya laftop ta tashi da sauri kamar sabuwa. Yaya ta yi masa addu'a ta tafi tana murna.

Kwana biyun farko lafiya lau, don gajerun hotuna take ta yankawa tana jerawa. Ranar Alhamis ta fara kwaso manyan bidiyon daga katunan kamara. Da farko layin nan da ke nuna ci gaban aiki ya zura da gudu, sai can ya rage, ya koma tafiyar hawainiya. Ta kashe ta kunna, ta sake, haka dai. Da ta gwada fitar da fim ɗin gaba ɗaya, laftop ta nuna mata lokacin da idan ta jira shi, sai dai iyaye su kalli farin bango ranar Asabar.

Ranar Juma'a da hantsi ta iso shagon, idanunta sun yi ja. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye laftop a kan tebur ta ce, "Auta, abin nan ya fi tsohon nawa."

Sikeli ya ɗauka yabo ne, ya fara murmushi.

"Nawa nake nufi," in ji ta. "Rashin sauri. Ya fi tsohon nawa."

Murmushin ya ɓace. Ya jawo laftop ya buɗe manhajarsa ya danna. Lambobi suka fito manya-manya kamar ranar farko. Nan take ƙarfin gwiwarsa ya dawo, ya ce, "Kin gani? Faifai lafiyarsa ƙalau. Katinki ne, ko kuma kin danna wani abu."

Jama'a, a nan ne ni kaina na ji haushin Sikeli. 'Yar uwarka ta zo da damuwa a fuska, kai kuma kana nuna mata lamba.

Yaya ta jawo kujerar roba ta zauna. Ta ce, "Ban zo mu yi musu ba, ba ni da lokacinsa. Abu ɗaya nake roƙo. Ka ajiye manhajar nan, ka kwafi bidiyon nan da hannunka, ka zauna ka kalla har ya gama. Kar ka tashi."

Don ya rufe mata baki, ya ɗauko katinsa mai kyau da ya yarda da shi, ya zuba bidiyon a kai, sannan ya fara turawa cikin laftop. Layin ya zura. Sikeli ya harɗe hannu yana kaɗa ƙafa. Bai daɗe ba gudun ya faɗi warwas, ya koma ƙasa da na tsohon faifan da ya cire. Ƙafar ta daina kaɗawa.

Ya matso kusa da kwamfutar yana bin lambobin da ido. Shi da kansa ya gano abin, don ba jahili ba ne. Jan faifan yana da wani ɗan sashe mai sauri da yake fara karɓar kaya. Idan kayan kaɗan ne, a nan suke tsayawa, komai ya tafi kamar walƙiya. Idan suka yi yawa sashen ya cika, sai ainihin saurin faifan ya bayyana. Shi kuwa gwajin da yake yi kullum, ɗan ƙaramin fayil yake rubutawa ya tsaya, bai taɓa cika sashen ba.

Ya ce a hankali, "Yaya, laifina ne. Tambayar da kika yi ran nan ita ce daidai, ni kuma na yi miki dariya."

"Dariyar ba ta dame ni ba," in ji ta. "Gobe ce ta dame ni."

Abin da ya burge ni da shi, bai yi fushi da manhajar ya watsar ba. Ya shiga saitinta ya ƙara girman fayil ɗin gwaji ya kai irin girman bidiyonta, ya sa ta yi ta rubutu ba tsayawa. Ya gwada jan, ya fara da ƙarfi ya zube. Ya gwada mai tokar, bai kai jan tashin farko ba, amma yadda ya fara haka ya ci gaba har ƙarshe. Duk da haka bai yarda ba sai da ya kwafi ainihin bidiyonta a kai, su biyu suna zaune suna kallo.

Ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ya sallami wani da ya zo gyaran caja da haƙuri. Ya canza faifan, ya mayar mata da komai. A nan kan teburinsa Yaya ta ƙarasa aikin, shi kuma ya koma mai miƙo ruwa da riƙe waya. Kafin la'asar ta yi sanyi fim ya fita cif. Suka kalla daga farko har ƙarshe, tela ma ya bar kekensa ya shigo ya tsaya a bayansu.

Da ta tafi, Sikeli ya kira mutanen da ya saka wa irin jan faifan, yana tambayar kowa aikin da yake yi da laftop ɗinsa. Yawancinsu rubutu ne da shiga intanet, suka ce ba su taɓa jin daɗin kwamfuta kamar yanzu ba. Faifan ba shi da laifi, wa ya dace da shi ne bai tambaya ba.

Ranar Asabar da azahar yana ɗaure kusa wayarsa ta yi ƙara. Hayaniyar mutane ta cika bayan muryar Yaya.

"Auta, an nuna. Bai tsaya ko sau ɗaya ba. Wata uwa ta riƙe hannuna tana hawaye, wai ba ta taɓa ganin ɗanta yana amsa tambaya a aji ba sai yau." Sannan ta ƙara da cewa, "Shugaba ta ce baɗi ma ni ce."

Sikeli ya ajiye sukuddireba ya jingina da kujera. Bakinsa da ba ya gajiya da bayani, yau Alhamdulillahi kawai yake maimaitawa.

Darasi: Awo yana da amfani, amma yana amsa tambayar da ka yi masa ne kawai. Kafin ka yanke wa mutum hukunci da lamba, ka saurari irin nauyin da zai ɗauka, ka gwada da shi. Idan kuma gaskiya ta bayyana, ka karɓa da wuri ka gyara. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana shirin sayen laftop.