Karan Rogon da Aka Gada

Akwai wani manomi a gindin wani dutse, wanda rogo ne abincin gidansa. Shi rogo ba a shuka shi da ƙwaya kamar dawa. Karansa ake sarewa gunduwa-gunduwa a dasa. Saboda haka rogon mutumin nan daga gonar ubansa ya fito, na ubansa kuwa daga gonar kakansa. Al'adar gidansu ce, idan ɗa ya yi aure aka yanka masa gonarsa, uba ne zai ɗaure masa karan farko da hannunsa.

To, rogon nan yana da cuta. Yakan tsiro kore shar, amma da ya kai gwiwa sai ganyen ya murɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya. In an tona, saiwar 'yar siririya, ba ta cika tukunya. Mutumin ya zuba taki, ya barbaɗa toka, ya sake gona, duk ba ta sake zane ba.

Ana nan sai ɗansa na fari ya yi aure. Matar ta sami juna biyu, ga damina ta ƙarato. Hankalin uban ya tashi. Kullum da safe yakan bi kunya-kunya yana neman ko tushe ɗaya mai lafiya. Wanda ya ga ganyensa a miƙe sai ya ɗaura masa tsumma don ya shaida shi. Kafin kasuwa ta zagayo, sabon tohon wannan ma ya murɗe. Abinci ya daina shiga masa.

Sai ya tafi wurin gwaggonsa, tsohuwar da ta rage a dangin.

Ta dube shi ta ce, "Kai ma ka soma zagayen gona? Haka ubanka ya yi har takalminsa ya tsinke."

"Gwaggo, ƙasar ce ta gaji, ko kuwa?"

"Bar ƙasa ta huta da zarginku. Kakanka ya yi aiki a babban lambun can bayan dutse. Mai lambun ya ce masa ya ɗebi kara ko'ina yake so, ban da kunya ɗaya. Shi kuwa ya ga na kunyar nan ya fi kauri, ya sara a ɓoye. Aka sallame shi. Da wannan karan ya zo nan. Duk rogon da kake gani a gidanmu, shi ne dai muke ta yankawa."

Mutumin ya ce, "Amma ni ina ruwana? A lokacin ko haihuwata ba a yi ba."

"Ba a haife ka ba, amma shi ka ci ka girma, kuma da hannunka kake dasa shi kowace shekara. Jeka ka gaya wa ganyen ba kai ka sara ba, mu gani ko zai miƙe."

Ta ƙara da cewa mai lambun yana nan, ya riga su duka zuwa duniya, kuma kara mai lafiya sai a wurinsa. Amma da wane ido jikan ɓarawo zai tsaya a ƙofar nan? Mutumin ya koma gida, ya zaɓi kara masu kyan gani, ya ɗaure, ya yi niyyar yin shiru.

Da ruwan fari ya sauka, ɗan ya zo da fartanya a kafaɗa, yana fara'a. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo karɓa."

Uban ya dubi karan, ya dubi surukarsa da ke tsaye nesa kaɗan, dafe da ƙugu. Ya ce, "Kada ka taɓa shi. Ba ni da abin kirki da zan ba ka. Tashi mu tafi."

Suka kama hanyar bayan dutse, uban yana ta shirya abin da zai faɗa. Ba su kai rabi ba, sai ga ɗan mai lambun yana gangarowa, ɗauke da kara mai yawa, igiyar ta yanke masa kafaɗa har jini. Mutumin ya zube ƙasa ya soma bayanin karan da kakansa ya sata.

Ɗan mai lambun ya ce, "Mun sani tun ran da aka sare shi. Gidanku na nufa da wannan. Kyauta ne. Sai dai kada ku gauraya shi da tsohon. Ku tumɓuke wancan."

Mutumin ya ce, "Na yaron kaɗai, ko har da nawa?"

"Har da naka."

Ma'anar misalin nan ita ce: kakan nan Adamu ne, wanda ya ƙetare umarnin Allah. Karan da ake yankawa ana dasawa kuwa halinmu ne na mutuntaka. Babu ɗayanmu da ya soma daga sabon iri. Daga Adamu aka yanko mu, da cutar da laifin duka. Shi ya sa ba wanda yake koya wa yaro ƙarami ya ɓoye hannu a baya bayan ya ɗauki ƙuli-ƙuli. Taki da toka su ne ƙoƙarinmu, da tarbiyya, da karatu. Suna da amfani, amma ba su kai cikin kara.

Wani zai ce ba adalci a ɗora masa abin da bai yi ba. Sai ya tuna ya riga ya sa hannunsa ciki, ba sau ɗaya ba. Ya kuma tuna kara mai lafiyan ma ba shi ya noma ba. Yesu Almasihu ne ya ɗauko mana shi da jininsa. Ta wurin mutum ɗaya muka lalace, ta wurin mutum ɗaya kuma ake ba mu sabon rai.

Iyaye, wannan ya fi shafarmu. Muna ganin fushinmu da ƙaryarmu suna toho a 'ya'yanmu, gabanmu yana faɗuwa, sai mu ƙara tsawa, mu ɓoye namu. Ba za mu iya ba su abin da ba mu da shi ba. Mu faɗa musu gaskiya, mu kai su wurin Almasihu. Amma kada mu aike su su kaɗai, gama mu ma muna bukata.