Wuƙar da Ta Sauko Ba a Taka Ba

Akwai wani matashin injiniya da abokan aikinsa ke kira Sarkin Sauri. Ilimi kam yana da shi, amma girman kai ya yi masa katutu, ba a gaya masa ya ji.

Yayansa yana da shagon buga littattafai da tsohon injin yankan takarda. Sarkin Sauri ya ce zai sa wa injin cip, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ake rubuta wa umarni. In an taka feda, saƙo ya bi waya zuwa cip, sai wuƙa ta sauko.

Shugabarsa a wurin aiki, wata dattijuwar injiniya, ta duba tsarin ta ɗaure fuska.

"Ina rariyar da za ta tace saƙon feda?" ta ce. "Waya tana kwaso hayaniyar lantarki, ɗan nan. Sa cip ɗin ya jira, sai saƙo ya tsaya daram kafin ya yarda an taka feda."

"Haba Hajiya, wannan tsohon yayi ne. Sau ɗari na gwada a ofis, lafiya lau."

"Ofis ne shago?"

Ya sa rariyar don ta ƙyale shi, tana juya baya ya goge ta daga umarnin cip. Jiran da bai kai ƙiftawar ido ba fa, shi ne ya tsone masa ido! Wallahi abin da takaici.

Kwana tara injin yana aiki sumul, gogan naka sai hura hanci yake. Rana ta goma, mai walda na maƙwabta ya kunna nasa injin. Yaya ya zura hannu yana daidaita takardu, ƙafarsa nesa da feda. Hayaniyar lantarkin injin walda ta bi waya, cip ya ɗauka umarni ne. Wuƙa ta sauko, ta tafi da yatsu uku.

A asibiti Sarkin Sauri ya durƙusa ya ce: "Yaya, tsautsayi ne..."

"Rufe min baki! Hajiya ta zo, ta faɗa min komai." Ya ɗaga hannun da aka naɗe. "Da yatsun nan na koya maka riƙe fensir. Tashi ka ba ni wuri."

Darasi: wanda ya raina gargaɗin na gaba don gaggawa, ba lallai shi zai ɗanɗana kuɗarsa ba, sau da yawa wanda ya amince da shi ne. In ran mutum ko gaɓarsa na rataye da aikinka, kada ka cire kariya don ba ka taɓa ganin ranarta ba.