Jar Hular Yaya Zailani

Ga ta nan gare ku, amma ba kaka ce ta ba ni ita ba, kuma babu Gizo a cikinta. A gidanmu ta faru, bana, bayan an cire gyaɗa. Ni Sagiru, karatuna a ƙaramar sakandare ya tsaya, na koma gona don Yaya Zailani ya ci gaba da nasa. Ku yi haƙuri da rubutun, ku dubi maganar.

Yaya Zailani karatun injiniya yake yi a jami'ar fasaha. A can ɗalibai suna da ƙungiyoyi, kowace da abin da take ƙerawa, kuma duk shekara akan tara ƙungiyoyin jami'o'i a yi gasa. Tasu ƙungiyar tana da wata jar hular kwano, tsohuwa, duk ta goge, wadda shugaba kaɗai ke sawa. Ba a yin zaɓe a kanta. Shugaba mai tafiya shi ke cire ta da hannunsa ya ɗora a kan wanda ya yarda da shi. Bana a kan Yaya take.

Injin ɓarar gyaɗa suka ƙera. Tun muna yara Inna ke ɓare gyaɗar mutane da hannu, har yatsunta suka tsattsage kamar fadama da rani. Da ya zo hutu sai ya zaunar da ita a kujerarta 'yar tsugunno, ya auna daga ƙasa zuwa kafaɗarta da igiya. Ta ce, "Kai ɗan nan, likkafani kake auna mini?" Ya ce, "Mariƙin inji ne, Inna. A zaune za ki riƙa juya shi kina jin rediyonki."

Ana gab da gasa sikilarsa ta tashi, aka kawo shi gida. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, kafin la'asar mun rufe shi. Hular tana rataye a ɗakin ƙirarsu, bai ɗora ta a kan kowa ba. Mutum uku ya bari a kan aikin, ga kuma abin da kowannensu ya yi.

Na farko Mudassir, abokin ɗakinsa, gwanin walda. Ya ci tuwon Inna har Yaya yakan ce masa, "Wai ni ta haifa ko kai?" Ni na kira shi na faɗa masa rasuwar. Sai ya ce, "Sagiru, gangar injin ta tsage." Gangar nan ita ce cikin injin, ita ke murza gyaɗar, kuma washegari za a loda shi a mota. Bai zo jana'iza ba, bai zo zaman makoki ba. Muna ɗauke da makara ina ta waiwaye ina neman kafaɗarsa. Lokacin da muke zuba ƙasa, shi yana can yana hura wa ƙarfe wuta. Amma da ya zo, da babu injin da za a kai gasa.

Ta biyu Rumasa'u, mai karatun lantarki. A wurin gasar, da suka gwada injin kafin a shiga, sai ta ga yana farfasa ƙwayar, domin hannun mutum yakan yi sauri yakan yi sanyi. Ta kwance mariƙin, ta sa ƙaramin inji mai jan wuta daga farantin sola. Gyaɗa ta fito lafiya, ɗaya bayan ɗaya. Mariƙin da aka auna da kafaɗar uwata kuwa, a cikin tarkacen ƙarfe aka bar shi. Mu da ko fitilar ɗakinmu mai batir ce, ina muka ga farantin sola? Amma da ba ta cire shi ba, da tun zagayen farko an sallame su.

Na uku Ukashatu, mai bakin ƙungiyar. Dokar gasa ta ce duk ƙungiyar da shugabanta bai tsaya gaban alƙalai ba, an fitar da ita. Yaya ya rubuta sunansa a gefen injin da wutar walda, kamar yadda kowane shugaba ke yi. Ukashatu ya gurje sunan, ya shafa fenti a wurin, ya ɗauki hular da babu wanda ya ɗora masa ya kifa a kansa. Da alƙalai suka tambayi wanda ya fara kawo tunanin, ya ce, "Mu uku ne." Na ga bidiyon a waya. Murmushi yake yi, kuma hular ta yi masa yawa. Amma da ya faɗi gaskiya, da ko kunna injin ba za a bari su yi ba.

Suka ci gasar. Kyautar ita ce wata masana'anta za ta ɗauki shugaban ƙungiyar, shi kaɗai, ta horar da shi, ta ƙera injin da yawa yadda ya tsara shi. Nan gardama ta kaure a tsakaninsu. Tsofaffin 'yan ƙungiyar suka ce hular nan hannun shugaba ke ɗora ta, tunda kuwa hannun yana ƙasa, sai a nemi jininsa.

Ranar sadakar arba'in suka zo su uku, da hular a cikin leda. Inna ta karɓa, ta sunsuna cikin hular, ta daɗe. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Auta, kai ka bar makaranta dominsa. Kai za ka ɗora." Ta shige ɗaki.

Ukashatu ne ya fara. "Ƙanena, ka ba ni, wallahi kowane inji da sunan Zailani zai fito."

Na ce, "Ai kai ka san wurin da sunan yake."

Rumasa'u ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ni ba zan yi maka ƙarya ba, Malam Sagiru. Ko ka ba ni, mariƙin nan ba zai koma ba. Yana fasa gyaɗa, shi ma da ya gani da ya cire."

Na ce, "Ba ki ba shi damar gani ba."

Ta ce, "Ba ni na hana shi ba."

Mudassir bai roƙi komai ba. Hannuwansa duk tabon wuta, sabo a kan tsoho. Cewa kawai ya yi, "Ta ina ake bi zuwa maƙabarta?"

Na ce, "Yau kake tambaya?"

Ya tashi ya fita, yaran unguwa suka nuna masa.

Masana'anta ta ce ranar Juma'a take son jin suna, in ba haka ba ta ba wata ƙungiyar, injin Yaya ya yi tsatsa a ɗakin ƙira. Hular tana rataye a ƙusar da yake rataye rigarsa. In rana ta faɗo ta taga takan haska ta, sai in ga kamar yanzu ya shigo ya cire. A tsakar gida kuma ina jin ƙas, ƙas, Inna ta koma ɓarar gyaɗa da yatsunta.

Ɗaya ya bar gawar Yaya ya ceci aikinsa. Ɗaya ta cire abin da ya yi wa uwarsa don injin ya yi aiki. Ɗaya ya kankare sunansa don a ji labarin injin. In aka cire ko ɗaya daga cikinsu babu nasara, kuma babu ɗaya da zan iya kallo raina bai ɓaci ba.

To, ku da kuka yi karatu da ku da ba ku yi ba, in ku ne ni, a kan wa za ku ɗora hular nan?