Watanni Biyu da Waziri Ya Ɓoye

A zamanin da, a wani tsibiri da ke tsakiyar teku, an yi wani sarki da jiragen fatake ke wuce ƙasarsa ba sa tsayawa. Ya umarci Waziri Tukur da wani malamin fada, Ashiru, kowa ya rubuta siffar ƙasar a aika ƙetare. Wanda takardarsa ta kawo baƙi masu jin daɗin zama, shi zai riƙa zama dama da sarki.

Shekara ashirin Tukur ke zaune a wannan wuri.

A takardarsa ya yaba duwatsu masu hayaƙi, da maɓuɓɓugan ruwan zafi, da gonakin kanumfari, ya ce kowace rana a tsibirin sallah ce. Ashiru ma ya ambaci waɗannan, ya ƙara da cewa mutanen ba sa tambayar baƙo sunansa sai ya kwana uku. Sannan ya rubuta cewa kada kowa ya zo a watanni biyun iskar kudu, domin ruwa ba ya ɗaukewa. Sarki ya sa aka maimaita karanta ta Ashiru.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tun kakanninmu ba a taɓa ce wa baƙo kada ya zo ba. Malam ya kunyata mu."

Sarki ya ce a aika duka biyun, kowace zuwa gari dabam.

Baƙin Waziri suka taso tsakiyar iskar kudu. Da ƙyar masunta suka jawo jirginsu gaɓa, suka yi kwana arba'in a ɗaka suna kallon ruwa. Baƙin Ashiru suka iso bayan sama ta washe, lokacin tsinkar kanumfari, har wasu suka nemi fili.

Sarki ya tambayi Waziri ko ya manta da iskar ne. Tukur ya sunkuyar da kai, domin a cikinta aka haife shi.

Sarki ya ce, "Ba ma hana baƙo zuwa, amma ba ma kai shi ga halaka. Daga yau, duk iskar kudu, a gaɓa za ka zauna kana tarbar wanda teku ya jefo."

Aka shimfiɗa wa Ashiru buzu dama da sarki. Waziri ya koma hagu, inda yake jin duk abin da sarki ke faɗa wa Ashiru sarai.