Layukan da Saminu Yake Sharewa

Akwai wata mata mai suna Kaneng, 'yar ƙasar Jos, da take aikin kwamfuta a wani ɗakin ajiyar allurar rigakafi a Ƙauran Namoda, shekara guda kafin a yi jihar Zamfara. Daga ɗakin nan ake ɗaukar allurar ƙyanda zuwa Shinkafi da Zurmi da ƙauyukansu.

A shekarar aka kawo musu wata na'ura ta hanyar Maraɗi. Aikinta shi ne ta auna sanyin firij biyu na ɗakin, ta aika wa kwamfuta saƙo kowace sa'a. Murna har ba a magana, masinja ma sai da ya zo kallo.

Sai dai an saita na'urar da Faransanci, kwamfutar kuwa ba ta gane wasu haruffan harshen. Duk saƙon da ya zo da su sai ya fito a hargitse, da akwatuna da zane-zanen da ba su karantuwa.

Saminu, abokin aikinta, wanda ya yi kwas ɗin kwamfuta a Kaduna kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan, ya yanke hukunci cewa shara ce. Kafin a buga rahoton mako, sai ya share duk layin da ya hargitse, domin takarda ta isa gaban shugabansu, Malam Maiwada, fes.

Kaneng ba ta yarda ba. Ta roƙe shi ya bar layukan, ya sa alamar tambaya a gurbin harafin da ya lalace, tunda lokaci da lambar awon sanyi suna fitowa daidai. Dariya ya yi.

"Madam, ke da kika koyi aiki kan tafireta, yau ke za ki koya mini kwamfuta?"

Daga ranar, kowace safiya, kafin ya iso, takan kwafe layukan a littafinta da biro, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar wata Talata aka loda mota za a kai allura Zurmi da Birnin Tsaba, inda an riga an yi shela iyaye su fito da yara. Kaneng tana duba littafinta sai ta lura da wani abu. Layuka goma sha ɗaya ta tara, dukkansu na firij na biyu ne, dukkansu tsakanin azahar da la'asar. Lambar da ke ƙarshensu kuma ba huɗu ba ce ko biyar kamar ta sauran layuka. Sha tara ce, wani wurin ashirin da biyu.

Ta fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ta tsaya gaban motar. Namadi direba ya taka burki.

"Madam, lafiya? Kashe kanki za ki yi da sassafe?"

Ta ce motar ba za ta motsa ba sai Malam Maiwada ya ga littafin. Saminu ya fito yana faɗa, wai tana ɓata wa gwamnati lokaci saboda tarkacen rubutu. Hayaniyar ta fito da Malam Maiwada daga ofis. Namadi, wanda ya shekara bakwai yana jan mota zuwa Maraɗi har ya tsinci ɗan Faransanci, ya leƙa littafin ya bi sauran haruffan da yatsa.

"Yallaɓai," ya ce wa Malam Maiwada, "wagga kalma na san ta. Zafi ya yi yawa, shi na'urar ke faɗi."

Nan take aka shiga bincike, kowa na gudu. Ashe wayar da ke haɗa firij na biyu da janareta ta ƙone. Duk ranar da aka ɗauke wuta da rana sai firij ɗin ya ɗume, in wuta ta dawo ya sake sanyi kamar ba abin da ya faru. Na'urar ta yi ta gargaɗi mako uku, kuma saƙon gargaɗin kaɗai ne yake ɗauke da haruffan da kwamfuta ba ta ganewa.

Aka sauke kwalaben firij na biyu, aka loda na firij na farko. Motar ta isa Zurmi a makare, amma da allura mai rai.

Malam Maiwada ya ajiye tsaftatattun rahotannin Saminu gefe, ya ɗora littafin Kaneng a kan teburinsa.

"Saminu, da yaran nan sun sha zafin allura a banza, iyayensu na zaton an kare su. Daga yau ba a share layi a ɗakin nan. Madam za ta nuna maka inda ake sa alamar tambaya."

Washegari Saminu ya riga kowa zuwa, da sabon littafi da biro.

Darasi: Abin da ba ka gane ba, kada ka kira shi shara ka zubar. Ajiye shi, ka yi masa alama, ka nemi wanda ya sani, ko da direba ne. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar wani aiki, musamman masu son takarda ta yi kyau fiye da ta faɗi gaskiya.